Fitar Yara Zuwa Ghuddwa

"A'a, kada a danne gwangwanayen nan da katifa, za su lotse," in ji Madam Rakiatou daga kan tabarmar da aka jingine ta a bakin ƙofa. Muryarta ta shige ciki, amma umarnin yana nan yadda aka san shi. "Kowane yaro da nashi. Na rubuta suna a gindi."

Maƙwabciyarta Fourera ta zaro gwangwanayen tumatirin daga ƙarƙashin katifar, ta jera su a gefe ɗaya na bayan Toyotar. Falalou, mijin Fourera, yana tsaye da makulli a hannu, sai leƙen bakin titi yake yi. Unguwar Sukra ba ta gama farkawa ba, mai gidan burodi kaɗai ya ɗaga ƙofarsa. Yaran gidan kuwa tun asuba suka yi wanka ba tare da an kora kowa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidan. Suna jere a jikin bango cikin kayan salla, fuska sai ƙyallin man shafawa.

Da aka kwantar da Madam a kan katifar, 'yarta Zénabou ta ɗora ƙafa a kan taya za ta haye.

"Sauka, 'yar nan," in ji Falalou. "Mamanki kwanciya za ta yi, babu wuri. In aje su in komo in kwashe ku gaba ɗaya. Kafin rana ta yi zafi kuna can."

"Ki riƙe mini su, Zénabou," in ji Madam. "Kada kowa ya ɓata kayanshi. Ki tuna da igiyar awo, tana bayan ƙofa."

Yarinyar ta sauka ba da son ranta ba. Fourera ta hau ta zauna, ta ɗora kan Madam a cinyarta, motar ta tashi.

Shekarun nan ne da rediyon Libiya ba ya wuni bai ce Afirka uwa ɗaya uba ɗaya ba. An buɗe iyaka, mutanen Nijar suka kwararo Sabha, magina da masu aikin gona da direbobi, wasu har da iyalinsu. To, 'yan'uwantakar a ƙofar makaranta take ƙarewa. Can sai an nuna iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk gidan hayar nan babu mai ita ko mutum ɗaya. Madam Rakiatou ta koyar a firamare a Damagaram kafin ta biyo mijinta Lamine, direban babbar mota a hanyar Agadas. Ta zo ta tarar da yara suna wuni a titi suna harbin murfin kwalba, ta ce wannan kam ba a gabanta ba. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta buɗe lakwal, 'yar makarantarta ta gida.

Ba ta koyarwa da ka. Kowace Juma'a da la'asar za ta zauna da gawayi a gaban bangon ɗakinta ta tsara makon da ke tafe, ta goge, ta sake, sai ka rantse sufeto ne zai zo dubawa daga Yamai. Lissafi da sassafe, da ƙwallon dabino, kafin kan yara ya ɗauki zafi. Rubutu a bayan takardar buhun siminti da Falalou yake kwasowa daga wurin gini. Faransanci kullum, saboda ranar komawa gida, don burinta kowane ɗayansu ya shiga ajin sa'anninsa ya zauna jarrabawar sartifika ba a mayar da shi baya ba. Larabci ta ce titi ya isa ya koya musu, har da wanda ba a so. Ranar Laraba yara suka fi ƙauna, don ranar take zana hanya a yashin tsakar gida, daga Sabha zuwa Gatrun, Dirku, Agadas, har Damagaram, kowa ya tura murfin kwalbarsa yana faɗin garin da ya iso da abin da ake ci a can. Fourera ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana tankaɗe a gefe har ta haddace hanyar, ta kuma gane harafin farkon sunanta.

Kalma ɗaya ce a saman bangon da ba a taɓa gogewa ba, ita ce Ghuddwa, wani ƙauye a kudu da Sabha. Saley, ƙanen Falalou, yana aikin gonar dabino a can, kuma Madam tana so ta kai yara a lokacin da ake hawa ana sanya wa macen dabino furen namiji, su gani da idonsu cewa dabino ba a kwali yake tsirowa ba. Ta roƙi Falalou ya ari motar maigidansa bara, ta roƙe shi bara waccan. Shi kuwa mutum ne da ko ruwa ka ce ya ƙare a randa zai ce a bari ya yi tunani. Kullum akwai dalili, ko aiki, ko shingen 'yan sanda, ko taya.

Ana cikin haka ciwo ya kama ta, wani ƙullutu a nono da ya ƙi jin magani. Asibiti ta ƙi zuwa, don ana ta faɗin cewa mara takarda in an same shi da babban ciwo, motar komawa gida ake jefa shi. Fourera ce take yi mata wanka, ta san abin da ke ƙarƙashin zanen, ta kuma san ba a daɗewa da irinsa. Lamine yana can cikin sahara, babu mai sanin ranar dawowarsa. Ranar da zai tafi, a gaban kowa ya kama hannun Falalou ya ce ga amanar iyalinsa nan. Madam ta ci gaba da koyarwa a kwance. Abu ɗaya take maimaita wa Fourera in tana shafa mata mai a baya: "Ko a kwance ne, in ga sun ga abin nan, Zénabou tana gefena. Daga nan Allah Ya yi yadda Ya so."

Shi ya sa shekaranjiya, da Falalou ya shigo ya ce a shirya, ya samo mota, Fourera ta ji kamar ta goya shi. Ta fito da kilishin da take ɓoyo ta daka masa a miya, ta zauna tana yi masa fifita yana ci. A ranta ta ce ashe dai mutumin nan yana da zuciya, nauyin jiki ne kawai ya yi masa yawa.

A shingen da ke bakin gari wani soja ya leƙo, ya ga mace a kwance, ya yi musu alama da hannu su wuce. Suka miƙa kudu, yashi dama da hagu, har koren dabino ya ɓullo. Saley da matarsa Habsatou suka tare su a ƙofar gona, aka kama katifar aka ajiye ta a inuwa kusa da magudanar ruwa. Saley ya ɗora shayi, Falalou ya ce shi ba zai tsaya ba, yara suna jira. Ya juya motar ya tafi ko waiwaye bai yi ba.

Iskar gonar ta ɗan dawo wa Madam da ƙarfi. Ta sa Fourera ta ja layi a ƙasa inda yara za su zauna, ƙanana a gaba, nesa da inda ƙaya za ta faɗo. Ta sa aka cika gwangwanayen da ƙasa mai laima, don kowa zai shuka ƙwallo ɗaya ya tafi da shi gida ya riƙa auna tsironsa. Ta kira Saley ta yi masa tambayoyi kamar ɗan aji, ta ja masa kunne kada ya yi sauri in ya hau, kuma ya yi magana da Hausar da yara za su gane. Saley yana ta cewa to, to, idonsa a ƙasa.

Hantsi ya yi, ya wuce. Duk ƙarar da aka ji Madam sai ta ɗaga kai, ashe injin ban ruwa ne. Inuwa ta matsa, aka ja katifar aka bi ta. Fourera ta ce bari ta je ta kama wa Habsatou girki kafin su iso. Ta tarar da ita a rumfa tana juya makaroni a wata 'yar tukunya.

"Habsatou, wannan abar ce za ta ciyar da rundunar nan? Lallai ba ki san cikin Nazifina ba."

"Wace runduna, Yaya?"

"Yara mana."

Habsatou ta tsayar da ludayin. "Waɗanne yara?" Ta dubi fuskar Fourera, ta sunkuyar da kai. "Mu dai an ce mana a share ɗakin baya, za a kawo mara lafiya ta zauna har... har Allah Ya yi ikonShi. Na zaci kin sani."

Fourera ba ta san lokacin da ta isa wurin Saley ba. Yana can ƙarshen gona yana buɗe wa ruwa hanya da shebur.

"Saley, aje wannan abin ka dube ni. Mi kunka ƙulla da yayanka?"

Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Mai gidan da suke haya ne ya ji labarin ciwon, ya zo ya ce shi ba a mutuwa a gidansa ba takarda. Kowa ya tuna abin da ya faru bara a unguwar Abdulkafi, da wani ɗan garin Tawa ya rasu a ɗaki, 'yan sanda suka zo ɗaukar gawa suka haɗa da duk mai rai a gidan, gawar kuma ta yi watanni a firjin asibiti ana jiran takarda. Sai mazan gidan suka zauna bayan sallar Juma'a, suka yanke shawarar a kawo ta gona. Nan gona babu mai tambaya, akwai wuri bayan shinge inda aka taɓa sa wasu.

"Yaya ya ce in an gaya mata gaskiya ba za ta bar ɗiyarta ba," in ji Saley. "Ya ce abu ɗaya ne zai sa ta hau mota da kanta."

"To, ɗiyar fa? Ita mi ta yi muku?"

"Yara suna da baki, Yaya Fourera. In ta gani, gobe duk Sukra ta ji."

"Hannu da hannu Lamine ya damƙa mishi su! A gabana!"

Saley ya sunkuya ya ɗauki shebur ɗinsa. Ta tambaye shi mota, ya ce mai gonar sai ƙarshen mako yake leƙowa. Ta ce za ta taka zuwa kwalta ta tare ko wace iri ce, ya ce mace ita kaɗai ba takarda, a shingen farko za a sauke ta. Duk da haka ta tafi. Ta isa har ƙofar gona, ta tsaya tana duban hanyar yashin da ta miƙa babu ko tsuntsu a kanta. Abin da ya fi ci mata rai, ita ce ta riƙa lallashin Madam ta daure ta sha kunu don ta sami ƙarfin tafiya, ita ce ta goge wa yara kayan salla, kuma cinyarta ce aka yi matashi da ita aka fitar da matar nan daga gida. Mijinta ya yi aikinsa da hannunta bai ko gaya mata ba. Sai ta jiyo tari daga cikin gona, irin mai tsawon nan da ba ya son tsayawa. Ta juya da gudu.

Ta tallafi Madam har tarin ya lafa, ta goge mata baki.

"Har yanzu shiru?" in ji Madam.

"Ƙila taya ce. Kin san motar aro."

Madam ta zuba mata ido, irin kallon da take yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa takarda. Ta dubi layin da aka ja a ƙasa, ta dubi ɗakin baya da Habsatou ta shimfiɗa wa sabuwar tabarma, ta sake duban Fourera.

"Ba za su zo ba," in ji ta. "Ke ma, Fourera?"

"Wallahi tallahi ban sani ba, Madam. Yanzun nan na ji. In na sani, Allah Ya..."

"Yanzun nan kika ji, kuma kika ce mini taya."

Ta juyar da fuskarta wajen kututturen dabino. Fourera ta zauna a ƙasa tana kuka mara sauti. Habsatou ta kawo makaroni ta ajiye, ƙudaje suka same shi.

"A kan takardar siminti nashi na koya ma 'ya'yanshi rubuta sunan ubansu," in ji Madam daga baya, ba ta juyo ba. "Da ya ce mini in fita mishi daga gida, da na fita. Da na yi sallama da ɗiyata kamar mutum. Amma na ce mata ta riƙe mini yara. Maganar da na bar mata ke nan, igiyar awo." Numfashinta ya sarƙe, ta jira ya dawo. "Ban yafe ba. Ki gaya mishi haka, kada ki gyara."

"Zan gaya mishi."

Can sai hannunta ya lallaɓo ya sami na Fourera. "Matso. Ba ki iya rubutu ba, to ki buɗe kunne."

Ta shiga bi da su ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a tsakani. Safia tana juya wasu haruffa baya, a bar ta ta riƙa zana su a yashi da yatsa, zai wuce. Nazifi kada a doke shi a kan lissafi, ya iya, tsoro ne yake rufe masa kai. Ƙananan a riƙa yi musu tafiyar Laraba ko ba a yi komai ba. Zénabou ta kai inda za ta iya ja da sauran, amma kada a mayar da ita malama a manta ita ma yarinya ce. In Lamine ya dawo, a ce masa ya kai ta Damagaram wurin innarta, 'yar'uwar Madam, kafin a buɗe lakwal, ta zauna sartifika.

"Kira mini Saley," in ji ta. "Ya hau. Ke za ki gani, ki je ki ba su labari. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Saley ya zo sumui-sumui, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya soke reshen furen namiji a bayan wandonsa, ya hau. Daga sama ya riƙa bayani da ƙarfi, yana yi wa layin da babu kowa a kansa magana. Ya nuna yadda ake tsage kwanson macen da wuƙa, a karkaɗa furen a kai, a cusa 'yan rassan furen namijin a tsakiya a juye, a ɗaure da ganye sako-sako don iska ta shiga. Wani farin gari ya riƙa saukowa a hankali. Fourera ta ɗaga kai tana kallo da dukkan ƙarfinta, tana maimaitawa a ranta don kada ta manta ko ɗaya.

"Madam, ya ce sako-sako ake ɗaurewa, ko? Madam?"

Idon Madam a buɗe yake yana duban sama, amma hannun da ke cikin na Fourera ya saki. Fourera ta kira sunanta na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi salati, ta shafe mata ido, ta ja mayafinta ta rufe ta. Daga wani masallaci can cikin gari ana kiran la'asar.

Rana ta yi sanyi sosai kafin a ji motar gaske. Fourera ta miƙe ta je ƙofa, don har a lokacin wani ɓangare na zuciyarta yana cewa ƙila ya ji tsoron Allah a hanya ya ɗauko yarinyar. Falalou ne ya fito, da wasu maza biyu na gidan. Ta wuce shi ta leƙa bayan motar. Diga ce da shebur, da jarkar ruwa, da wata baƙar leda a ƙulle.

"Ya jikin nata?" in ji Falalou.

"Ina Zénabou?"

"Tana gida. Na ce musu mota ta lalace." Ya share gumi. "Sun ƙi tuɓe kayan. Har na baro suna nan bakin ƙofa."

Fourera ta ɗauko ledar ta kwance. Farin yadi ne, an riga an yanka, an ɗinke, har da 'yan igiyoyin ɗauri. A garinsu ba a taɓa sa almakashi a likkafanin mutum yana numfashi ba, sai an rufe masa ido, an kawo kara an auna shi, sannan maza su zauna a zaure su ɗinka.

"Yaushe anka ɗinka wannan?"

Ya kau da kai.

"Malam, tambayarka nike. Yaushe?"

"Shekaranjiya. Fourera, ki gane, mutum nawa ne a gidan nan? Har da 'ya'yanki. In anka kwashe mu..."

"Wa ya auna ta?"

"Ni magini ne," in ji shi a hankali. "Na duba dai."

"Ta rasu da la'asar. Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba. Ta ce kada in gyara."

Mazan biyu suka yi salati, suka sauke diga da shebur suka bi Saley bayan shinge. Falalou ya tsaya a jikin motar, makulli a hannu, bai bi su ba, bai kuma biyo ta ba.

A ɗakin baya Habsatou ta riga ta ɗumama ruwa. Su biyu suka yi mata wanka, Fourera tana zubawa a hankali tana kauce wa wurin ciwon kamar yadda ta saba. Da suka gama suka warware yadin a kan sabuwar tabarmar, suka kama ta suka ɗora. Habsatou ta ja ta wajen kai, Fourera ta ja ta wajen ƙafa, tana fatan ya gaza ko ya yi yawa, ko da ɗan yatsa ne. Ya zauna mata cif. Daga bayan shinge ana jin shebur yana shiga yashi yana fita, Fourera ta durƙusa ta ɗaure igiyar ƙafa.